Daga Babban Dodo Zuwa Shika: Wa Ya Ja Layin Da Muke Zaɓe A Cikinsa?

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Akwai wata tambaya da na saba yi wa abokaina a majalisarmu ta bakin titi nan Tudun Wada, kuma har yau ba wanda ya amsa mini ita daidai a karon farko. Idan ka hau mota daga Babban Dodo a cikin Birni za ka dubiya asibitin Shika, iyakar siyasa nawa za ka tsallake kafin ka sauka? Yawanci sai a ce mini, "Haba Malam, wace iyaka kuma? Ai duk Zariya ce."

To mu ƙirga. Kana fita Ƙofar Doka ka bar mazaɓar ɗan majalisar jiha ta Birni, ka shiga ta Kewaye, inda mu 'yan Tudun Wada muke. Kana tsallake gadar Kubanni ka bar ƙaramar hukumar Zariya gaba ɗaya, ka faɗa Sabon Gari: ciyaman daban, ɗan majalisar tarayya daban. Ka wuce Kwangila ka nufi Samaru, ka shiga mazaɓar Basawa. Kafin ka taka ƙofar asibitin kana cikin ƙaramar hukumar Giwa, wadda ɗan majalisar tarayyarta ɗaya ne da na Birnin Gwari, sanatanta kuma ba namu ba ne, na Kaduna ta Tsakiya ne. Ƙananan hukumomi uku, 'yan majalisar tarayya uku, sanatoci biyu, a tafiyar da ba ta kai awa guda ba ko da akwai cunkoso a PZ. Shi ya sa lokacin da aka zaɓi Abbas Tajudeen kakakin Majalisar Wakilai a watan Yunin 2023 nake ta dariya da 'yan Samaru masu cewa "ɗan majalisarmu ya ci". Murna kam ta kowa ce, amma sunansa bai taɓa fitowa a takardar ƙuri'arsu ba.

Wasunku sun san tun da na gama digirin digirgir aikin da na sa a gaba ke nan: binciken yadda labarin ƙasa, wato inda mutum yake zaune da yadda aka yanka wurin, yake shafar wakilcinsa a dimokuraɗiyya. Wani abokina yana tsokanata wai na ƙare shekaruna a makaranta don in zama mai kallon taswira. Na yarda. Sai dai abin da na fahimta daga kallon taswirar shi ne, mu muna ta faɗa a kan wa za a zaɓa, alhali rabin zaɓen an gama shi tun ranar da aka ja layi aka ce ku na nan ne, su na can ne. Kuma layin Zariya ba jiya aka ja shi ba.

Turawa sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso wajen 1911. Da garin ya fara cika da baƙi sai suka raba mu gida-gida. Birni na 'yan gari ne, a cikin ganuwa, ƙarƙashin Sarki. Sabon Gari kusa da tashar jirgi na mutanen Kudu ne, ma'aikatan reluwe da akawu-akawu na kamfanoni, kuma da farko Bature ne yake riƙe da shi kai tsaye. Su kuma suka keɓe wa kansu unguwarsu can gefe. Tudun Wada aka yi ta don 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin Birni ba: Bakano, Bakatsine, Babarbare, Banufe, wanda aiki ko fatauci ko almajirci ya kawo. Muna ƙarƙashin En'e kamar mutanen Birni, amma a bayan ganuwa. Ga ganuwa a kudunmu, ga Kubanni a arewanmu. Yau shekara sama da ɗari, kuma waɗannan abubuwa biyu, tsohuwar katangar ƙasa da rafi, su ne dai iyakokin mazaɓunmu. Ganuwar ma ta zaizaye, wasu wuraren an yi gini a kanta, amma a takardar hukumar zaɓe tana nan daram.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rigimar kujeru da yawan jama'a a Najeriya bakin Bazazzagi ne ya fara buɗe ta sosai. A babban taron Ibadan na Janairun 1950, inda ake tsara sabon kundin mulkin da aka sa wa sunan Gwamna Macpherson, Sarkin Zazzau Ja'afaru ya tashi ya ce idan ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar ƙasa ba, to Arewa za ta nemi a raba ta da Kudu a koma yadda ake kafin 1914. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya mara masa baya. Hujjarsu ita ce yawan jama'a: mu ne muka fi yawa, don me za a yi mana kuɗin goro da jihohin da ba su kai mu ba? Aka kuwa ba su. A cikin zaɓaɓɓun kujeru 136 na Majalisar Wakilai, Arewa ta samu 68.

Ni dai ina ganin Sarki Ja'afaru, Allah Ya ji ƙansa, ya yi gaskiya a wannan magana. Kai ɗaya, ƙuri'a ɗaya, nauyi ɗaya. Matsalar ita ce wannan ma'aunin da Arewa ta auna wa Kudu a Ibadan, da aka dawo gida ba a auna wa talakan Arewa da shi ba.

Dubi yadda aka yi zaɓen 1951. Ba kai tsaye ake zaɓen ɗan majalisa ba. Masu biyan haraji a unguwa ko ƙauye su zaɓi wakilai, waɗannan su je matakin gunduma su zaɓi wasu, a haka a haka har a kai matakin lardi, inda 'yan tsirarun da suka rage za su fitar da 'yan majalisa. Kamar tankaɗe ne, kowane mataki da rariyarsa. A matakin ƙarshe kuma En'e tana da ikon cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100 na masu zaɓen, waɗanda ba wanda ya zaɓe su a ƙasa. NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta yi abin mamaki a matakan farko a manyan garuruwa, musamman Kano. Da aka gama tankaɗen ko kujera ɗaya ba ta fito da ita ba. Ƙuri'ar mutumin gari ta narke a cikin lardi kamar gishiri a randa. A daidai tsakiyar wannan zaɓe ne, a watan Oktoba, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC. Ita ma fa jijiyarta ɗaya a nan Zariya take, wajen su Dokta Dikko da Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, nan gefenmu.

Sai 1959, zaɓen da ya kai mu ga 'yancin kai. A nan nake so ku ɗan tsaya ku dubi lissafi, don shi ne zuciyar maganar. Kujeru 312 ne: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. Wannan karon kai tsaye aka yi, kowa ya shiga ya jefa a akwatin da yake so, mai fartanya ko mai tauraro. NPC ta samu ƙuri'a wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari tara, ta kwashi kujeru 134. NEPU ta samu wajen rabin miliyan, ta tashi da kujeru 8. Raba ka gani. Kowace kujerar NPC ta zo mata a kan ƙuri'a wajen dubu 14. Kowace kujerar NEPU sai da ta ci sama da dubu 60. Jam'iyyar Awolowo ta ɗan ɗara NPC yawan ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya, amma kujerunta 73. Ta Zik ta fi kowa ƙuri'a, kujerunta 81.

Na san wani zai ce ai murɗiya ce, da ɗauri, da kotun alƙali, da 'yan doka. Ba na musun wannan, duk wanda ya zauna da tsofaffin 'yan Sawaba ya ji abin da suka sha. Amma ko da ba a mari kowa ba, tsarin kansa ya isa ya haifar da wannan giɓi. Idan ƙa'ida ita ce wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa ya ɗauke kujerar gaba ɗaya, to jam'iyyar da ta samu kashi 30 a mazaɓu hamsin ta tashi da hannu rabbana a duk hamsin ɗin. Magoya bayan NEPU sun taru a garuruwa da unguwanni irin namu, na 'yan kasuwa da masu sana'a da malaman zaure, a karkara kuwa sun warwatsu, ga su nan da yawa amma ba su kai rinjaye ba. Wani malami a jami'ar Stanford ta Amurka, Jonathan Rodden, ya rubuta littafi guda a 2019 a kan yadda jam'iyyun da ƙarfinsu yake cikin birane suke asarar kujeru a irin wannan tsari. Da nake karanta shi sai na ga kamar labarin Malam Aminu yake bayarwa bai sani ba.

Akwai kuma abu na biyu da ba mu cika son faɗa ba. An ba Arewa kujeru 174 ne bisa yawan jama'arta duka, maza da mata. Amma maza kaɗai suka yi zaɓe. Wato an ƙirga iyayenmu mata wajen rabon kujeru, aka bar su a gida ranar jefa ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓe a 1959, namu sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar nan Zariya, ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan magana. Duk sanda na wuce asibitin Ƙofar Gayan da aka sa wa sunanta nakan tuna cewa ta yi wa jam'iyya yaƙin zaɓe shekara da shekaru ita kanta ba ta da ikon jefa ƙuri'a.

Jihar nan tamu ta sake koya mana wannan darasi a 1979, lokacin Katsina tana cikinta. Kujerar gwamna jiha duka mazaɓa ɗaya ce, kowace ƙuri'a ana tara ta wuri guda, sai Balarabe Musa na PRP ya kayar da Lawal Kaita na NPN. Majalisar dokoki kuwa yanka-yanka ce, kuma a nan NPN ta kwashi kusan kashi biyu cikin uku na kujerun. Mutane ɗaya, shekara ɗaya, sakamako biyu. Gaskiya akwai batun ƙawance da wasu jam'iyyu suka yi wa Balarabe a zaɓen gwamnan, amma abin da ya biyo baya kowa ya sani: majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki ba su, a watan Yunin 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan.

Kada wani ya ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. A Ingila kafin gyaran 1832 akwai wani tudu da ake kira Old Sarum, kufai ne ba kowa, amma yana tura wakilai biyu majalisa, alhali Manchester da masaƙunta da dubban ma'aikata ba ta da nata. A Amurka a 1812 wani gwamna mai suna Gerry ya sa hannu a wata taswirar mazaɓu da aka lanƙwasa don jam'iyyarsa ta ci, har masu zanen barkwanci suka ce ɗaya daga ciki ta yi kama da ƙadangare. Sunansa ya bi wannan ɗabi'a har yau. Bambancin shi ne su suna ƙidaya duk shekara goma su sake rabo, ko da kuwa da faɗa da kotu. Maƙwabtanmu na Nijar ma, kafin juyin mulkin 2023, wata hanya suka bi daban: jihar Maraɗi duka mazaɓa ɗaya ce, jam'iyyu su kawo jerin sunaye, a raba kujeru daidai da kason ƙuri'ar kowa, sannan aka ware kujeru takwas don ƙananan al'ummu irin su Tubawa da Larabawa. Da irin wannan aka yi a 1959, da tarihin NEPU ya sha bamban. Shi ma fa yana da nasa aibun, don a can uban jam'iyya ne yake jera sunayen, kai talaka ba ka san ƙofar gidan wa za ka buga ba idan rijiyarku ta rufta.

To mu dawo gida. Layukan da muke zaɓe a cikinsu yau an ja su ne a 1996, zamanin Abacha, bisa ƙidayar 1991. Ƙananan hukumomi 774, mazaɓun tarayya 360, jihar Kaduna da 16 a Majalisar Wakilai da 34 a ta jiha. Kundin 1999 ya gaji wannan taswira kamar yadda ya same ta. Sashe na 72 ya ce a daidaita yawan jama'ar mazaɓu gwargwadon iko. Sashe na 73 ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba rabon bayan shekara goma, ko bayan ƙidaya. An yi ƙidaya a 2006, ba a sake yanka ba. Ta 2023 kuma aka ɗage ta. Yaron da aka haifa shekarar da aka ja layin yau yana da mata da 'ya'ya.

Me ya hana? Ku duba sashe na 74. Duk gyaran da hukumar zaɓe ta yi ba zai fara aiki ba sai Majalisar Tarayya ta amince. Wato waɗanda tsohon layi ya kai su Abuja su ake jira su sa hannu a sabon layin da zai iya dawo da su gida. Ba a ba kura ajiyar nama. Ga kuma tsoron da ya fi wannan: duk abin da ya taɓa lissafin Arewa da Kudu wuta ne. A 2014 Farfesa Attahiru Jega ya so ƙara rumfunan zaɓe kusan dubu 30, rumfuna kawai fa, ba kujeru ba. Aka yi ca a kansa wai Arewa ta kwashi kaso mafi tsoka, dole ya janye. Sai a 2021 aka samu aka kai rumfunan 176,846 daga ƙasa da dubu 120. Idan rumfa ta ɗauki shekara 25, kujera fa?

Zan yi adalci a nan, don kada a ce na zo kukan an cuci Zariya. A lissafin 2006, idan ka raba mutum miliyan 140 gida 360, kowace kujera tana da wajen dubu 390. Ƙaramar hukumar Zariya tana da sama da dubu 400 kaɗan, ka ga ba a yi mana wani mugun ƙwange ba. Sabon Gari ma da wajen dubu 290 ita ta ci riba. Wanda yake da kuka na gaske ya je Abuja ya gani, inda masu rajistar zaɓe sama da miliyan ɗaya da rabi suke da 'yan majalisar wakilai biyu da sanata guda. Majalisar Dattawa kuwa dama ba don daidaita kawuna aka yi ta ba: Bayelsa mai mutum wajen miliyan 1.7 sanata uku, Kano mai sama da miliyan tara sanata uku.

Damuwata tana ƙasa da haka, a matakin da ya fi kusa da tukunyarmu. Ƙaramar hukumar Zariya gundumomi 13 gare ta. Shida suna mazaɓar Birni: Kwarbai A da B, Ƙaura, Limancin Kona, Unguwar Juma, Unguwar Fatika. Bakwai suna Kewaye: Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, Dambo, Kufena, Dutsen Abba, Wuciciri. Sunan ma ya isa ya faɗa maka yadda aka yi tunanin abin. Akwai Birni, sai kuma duk abin da ya kewaye shi a zuba a buhu ɗaya. Birni ganuwa ta ɗaure shi, ba inda zai faɗaɗa. Duk ɗan Birnin da ya yi aure ya rasa ɗaki a gidan gado, waje yake fitowa ya sayi fili. Wuraren da muka sani gonakin dawa muna yara, ta Gwargwaje da Dakace da bayan Tudun Jukun, yau gidaje ne iya ganinka. Jama'a suna ta malala zuwa Kewaye shekara talatin, kujerar Kewaye tana nan guda ɗaya, kansilan Tudun Wada yana nan guda ɗaya.

Sannan ka dubi waɗanda aka haɗa a buhun. Mu nan abin da yake hana mu barci kwata ce da ta toshe, da bola, da ruwan famfo, da ajin firamare mai yara fiye da ƙima. Mutumin Dutsen Abba ko Wuciciri kukansa taki ne, da hanyar fitar da amfanin gona, da tsaron shanunsa. Duk buƙatu ne na gaskiya, amma baki ɗaya aka ba mu mu faɗe su da shi. Ɗan majalisa komai kirkinsa zai duba inda akwatuna suka fi nauyi, ko inda suka fi sauƙin tarawa, ya karkata can. Lokacin zaɓen cike gurbin Kewaye na watan Agustan 2025 na zauna na saurari muhawarar majalisarmu kwana da kwanaki: wane ɗan gidan wane ne, wane ya raba kaza, wane yaron wane ne. Ko sau ɗaya ban ji an tambayi dalilin da ya sa mu da ƙauyen da bai taɓa ganin kwatarmu ba muke neman kujera ɗaya ba.

Kada a juya mini magana a ce ina raba Birni da waje. Dangin mahaifiyata a cikin ganuwa suke, can nake yin sallah. Kuma ba na cikin masu cewa maganin kowane ciwo shi ne a ƙirƙiro sabuwar ƙaramar hukuma ko sabuwar jiha, kamar yadda ake ta kai takardu gaban kwamitin gyaran kundin mulki. Yawancin wannan neman sakatariya ne da kason wata-wata, kuma duk sabon layi yana haifar da sabbin 'yan tsiraru a cikinsa. Abin da nake nema bai kai haka tsada ba. A yi ƙidaya, a fitar da adadin kowace gunduma a fili kowa ya gani. A buga taswirar gundumomin a manna a sakatariya, don yau mutane da yawa a bakin iyaka ba su san kansilan da za su kama ba. Sannan duk mai neman ƙuri'armu zuwa Abuja a 2027 a tambaye shi a gaban jama'a: idan hukumar zaɓe ta kawo sabon rabo da zai taɓa kujerarka, za ka sa hannu? A ɗauki amsar a waya a ajiye.

Ina kan haɗa taswirar Zariya ta zaɓen 1959 da ta yanzu, in ɗora ɗaya a kan ɗaya, zan sa ta a nan in na gama in sha Allahu. Wanda yake da tsoho a gida da ya jefa ƙuri'a a Tudun Wada ko Gyallesu a wancan zaɓe, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ina so in zo in gaishe shi, in ji a ina aka ajiye akwatunan ranar, kuma su wa da wa suka tsaya a layi tare da shi.